Hannuwan Teru a Bidiyon Girki

Awara nake sayarwa a wata tsohuwar unguwa ta birnin Amagasaki, kuma mai sayar da awara ba ta bukatar a gaya mata baki nawa ne a kowane gida. Sunana Tokiko. A saman shagona Teruhiko Irie yake zaune, wanda kowa ke kira Teru, mai guga a shagon wankin da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Shekara ashirin da 'yan kai yana sayen awarar mutum biyu a wurina. Na biyun shi ne Kuniaki Hazama, direban bas, mai tumbi da ƙarar murya, wanda muke kira Kuni.

A idon unguwa abokan haya ne, tuzurai biyu da suka haɗa kuɗin ɗaki don sauƙi. A gaskiya kuwa masoya ne, zaman aure suke yi, sai dai dokar ƙasarmu ba ta ɗaura wa namiji da namiji aure. Tun shekarar farko na gane. Abokin haya ba ya fitowa bakin titi da lema ya tsaya jiran abokin hayarsa don ruwa ya tsuge. Mijina marigayi, da muka yi aure gaban shaidu da dangi, bai taɓa yi mini haka ba. Na ja bakina na yi shiru, su ma ba su ce mini komai ba, muka zauna a haka.

Teru ɗan masunta ne daga wani ƙauyen bakin teku a Wakayama. Yana da shekara goma sha bakwai ubansa ya gane halinsa, ya watso masa kayansa tsakar gida gaban maƙwabta, ya ce shi bai haifi namiji ba. Uwarsa tana tsaye a ƙofar kicin ba ta hana shi ba. Bai sake taka ƙauyen ba, ko da aka yi jana'izar su biyun. Abu ɗaya ya ɗauko daga gidan nan ya riƙe har girmansa, wato duk abin da kake so, in ka bari aka gani, za a ƙwace maka shi.

A shagon wankin ya haɗu da Kuni. Kuni yakan kawo rigunan aikinsa, sai Teru ya lura rigunan fes suke, wasu ma ko sa su ba a yi ba tun gugar baya. Kuni da bakinsa ya ba ni labarin nan wata rana da ya ɗan sha, yana dariya har da hawaye, Teru na gefe yana ta harararsa. Wai rabin albashinsa na watannin nan a gugar rigunan da ba su yamutse ba ya ƙare.

Amma fa ɓoyon Teru ya wuce misali. In ya shanya katifu a baranda sai ya sa ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, don mai wucewa ya ƙirga biyu. A titi ba ya jerawa da Kuni. Ba su da hoto ko guda da suka ɗauka tare. Duk sabuwar shekara Kuni shi kaɗai yake tafiya ƙauyensu a tsaunukan Shimane wurin mahaifiyarsa da yayarsa, da guzurin da Teru ya kwana biyu yana haɗawa, ya je can ya ce a kanti ya saya. Da ofishin gari ya fara ba irinsu wata takardar shaida, wadda ba ta aure ba ce amma asibitoci da yawa suna girmama ta, Kuni ya yi ta naci su je. Teru ya ce wata mai aiki a ofishin tana kawo masa wanki, zai mutu don kunya. A bari sai ya yi ritaya.

Wuri ɗaya kawai da Teru yake sakin jiki shi ne kicin. Ba girkin manyan otal yake yi ba, abincin gida ne: shinkafa, miyar miso ta daddawar waken soya, gasasshen kifi, kabewa da aka dafa da ruwan kifi har ta yi laushi, da awarata. Kullum faɗansu ɗaya ne, gishiri. Kuni yana da hawan jini, Teru kuma ya rantse sai ya ga bayansa.

"Tokiko-san, ki shiga tsakanina da tsohon nan," in ji Kuni, yana jingine da kantata da safe. "Miyar jiya da ruwan wanka, ba ki bambanta su."

"Ai kuwa kwano uku ka sha na ruwan wankan," in ji Teru, bai ko ɗago kai ba.

"Yunwa ce. Fursuna ma yana cin abin da aka ba shi."

"To fursuna, ja cikinka ka ba mutane hanya, ka tare wa baiwar Allah ciniki."

Kuni ne ya kawo zancen bidiyo, lokacin da ya sayi sabuwar waya yana neman abin da zai ɗauka. Teru ya yarda amma da sharaɗi: ba fuska, ba murya, ba suna. Sai Kuni ya kafa wayar a kan kantar kicin tana kallon ƙasa. Abin da ake gani kawai katakon yanka, tukunya, da hannuwa biyu suna aiki. Abin da ake ji kuwa ƙarar wuƙa, tafasar ruwa, da mai in ya sha albasa. A ƙarshe sai wani hannu mai kauri da gashi ya shigo ya ɗauki kwano. Shi ke nan.

Suka sa a intanet, mutane suka fara kallo, ba wani taro mai yawa ba, amma masu dawowa kullum. Hannuwan Teru sirara ne, tururin guga na shekaru ya sa sun yi sumul, sai masu kallo suka ɗauka na mace ne. Suna rubutawa a ƙasa cewa maigidan nan ya dace da mata. Kuni ya samu abin tsokana. Ta rufin shagona nakan ji shi da yamma yana cewa, "Uwargida, a ƙaro shinkafa mana." Teru bai taɓa gyara wa masu kallo kuskurensu ba. Daɗi ma ya ji, don ya samu ƙarin labule.

Kuni yana da shekara hamsin da bakwai abin ya same shi. Wata safiya ina tsane awara na ji faɗuwar abu mai nauyi a sama, sannan muryar Teru tana kiran sunansa. Na hau na tarar da Kuni a ƙasa gaban wurin wanke baki, gefen fuskarsa ya karkace, yana motsa leɓe ba magana. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Na bi su cikin motar asibiti da takalmin roba na shago a ƙafata.

Aka shige da Kuni ciki. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya mai ladabi, ta zo wurinmu ta ce, "Yaya kake da mara lafiyar?"

Teru ya buɗe baki ya ce, "Ni abokin hayarsa ne."

Na take masa ƙafa da ƙarfi. Haba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ba shawara ya yi ba kafin ya faɗe ta, bakinsa ne ya saba. Yarinyar ta ɗan rusuna ta ce to a yi haƙuri, iyali kaɗai ake bari ciki, iyali kaɗai likita zai yi wa bayani. Ko yana da lambar wani ɗan'uwansa? Teru da hannunsa ya rubuta mata lambar yayar Kuni.

"Koma ka gaya mata," na ce da shi da ta tafi. "Yanzun nan. Ni zan tsaya maka shaida."

"Da wane baki? Yanzu na ce abu, in koma in ce wani? Sai su ɗauke ni maƙaryaci, ko mai neman gado." Ya zauna a benci ya dafe gwiwoyinsa. "In ya farfaɗo shi zai kira ni da kansa."

Kuni bai kira kowa ba. Ya rayu, amma magana ta tafi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, haɗiyar abinci ma ta zama aiki.

Kazuyo, yayar Kuni, ta iso washegari. Siririyar mace ce mai furfura, ba ta taɓa aure ba, ita ke kula da tsohuwarsu. Na so in tsane ta, ban samu inda zan kama ba. Ta rusuna wa Teru har ƙasa, ta gode masa da ya kira motar asibiti, ta nemi gafarar wahalar da ƙaninta ya ba shi, ta miƙa masa kwalin alewa. Shi ma ya rusuna ya karɓa. Ina tsaye ina kallon mutumin da ya yi shekara ashirin yana wanke wa Kuni kamfai yana karɓar alewar godiya kamar direban tasi da ya tsinci jaka. Raina ya ɓaci har na fita waje.

Bayan 'yan watanni ta mayar da Kuni Shimane. Ta zo gidan ta ɗebi tufafinsa da wayarsa. Teru ne ya ninke komai, ya goge kowace riga, ya jera mata a akwati. Na lura ta daɗe a tsaye a ƙofar kicin tana kallon kantar girki da tukwane. Ranar tafiyar Teru yana bakin aiki, don ba a gaya masa lokacin ba.

Daga nan abin da Teru yake so a duniya ya koma guda ɗaya: ya zauna gaban Kuni, Kuni ya gan shi, ya ci abinci daga hannunsa. Ba ya zancen komai sai wannan. Ya daina bidiyo, ya daina girki ma, sai shinkafar kanti yake saye a leda.

Wata rana Kazuyo ta buga masa waya kan sauran kayan ƙaninta, ya samu ya tambaye ta jikinsa. Ta ce babu daɗi. Kuni ya rufe baki, duk abin da ta dama ta kai masa sai ya kau da kai, ya rame, likita ya fara zancen a huda cikinsa a sa robar ciyarwa. Teru ya sauko shagona.

"Ba ta san bakinsa ba," ya ce. "Ba ya cin abu mai zaƙi-zaƙi, ita kuwa na tabbata sukari take zuba masa kamar yadda suke yi a can. Kuma in abu ya huce ba ya taɓa shi."

"To kira ta ka gaya mata."

"Abokin haya ne zai koya wa yaya yadda za ta ciyar da ƙaninta?"

Sai ya yi abin da ya iya. Ya nemo littattafan girkin masu wahalar haɗiya, ya sayi rariya mai laushi, ya kafa tsohuwar wayarsa inda Kuni yake kafa tasa. Ya fara sabbin bidiyo: kifin da aka dafa aka murje aka mayar da shi siffar kifi, kabewa da aka tace, awarata da aka niƙa da ruwan kifi, ƙwai da aka turara a kofi har ya yi laushi kamar kindirmo. Duk abincin da Kuni yake so ne, an sake shi yadda zai wuce maƙogwaro ba tauna. Dabararsa ita ce wayar Kuni tana hannun Kazuyo, kuma duk sabon bidiyo wayar za ta yi ƙara ta nuna shi.

Dabarar ta ci. Ba a jima ba Kazuyo ta kira. Teru ya ba ni labarin kalma da kalma, don ya haddace ta. Ta ce, "Irie-san, na gane kicin ɗin. Na gane tun ranar da na zo ɗaukar kaya, ni ba yarinya ba ce. Jiya na dafa kabewar nan, na jingina wayar a gabansa don in bi yadda kake yi, sai ya buɗe baki. Ya cinye. In na kashe bidiyon sai ya rufe baki. Ina roƙonka kada ka daina."

Ranar Teru ya yi kuka a shagona, gaban kwastoma, bai damu ba. Ni ma na yi murna, na ce an kusa. Tunda ta sani, kuma tana bukatarsa, me ya rage?

Ashe da saura. Duk sanda ya nemi ya zo, sai ta ce a ɗan dakata. Tsohuwarsu ta haura casa'in, zuciyarta ba ƙarfi, ba ta san komai ba. Ƙauyen gida talatin ne, baƙo bai isa ya sauka daga bas ba a san gidan da ya shiga ba. Lokacin furanni ya wuce, zafi ya wuce. Teru yana tashi ya tafi guga, ya dawo ya yi girki gaban waya, ya sa a intanet, sannan ya zauna shi kaɗai ya ci abincin marasa haƙori da ya dafa. Masu kallo suka ƙaru, yawanci masu jinyar tsofaffi, suna ta yi wa "uwargida" addu'ar Allah ya ba maigida lafiya. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Na yi masa faɗa har na gaji, na ce mutum ba ya rayuwa da kunun jarirai, ya ce dole ya ɗanɗana ya ji abin da Kuni zai ji.

Sai da ganye ya fara ja a kaka Kazuyo ta yarda. Yini ɗaya, ba kwana, kuma kada ya zo shi kaɗai, don namiji tuzuru mai shekara hamsin da ya yi doguwar tafiya don duba wani namiji zai jawo tambaya. Shi ya sa na rufe shagona, abin da ban yi ba ko ranar da haƙorina ya kumbura, na sa rigata ta fita.

"Kai dai ka cuce ni," na ce da shi a jirgi. "Da tsufana za ka mayar da ni labule."

"Ki yi haƙuri, Tokiko-san."

"Daina ba ni haƙuri. Haƙurin nan ne ya kai ka inda kake."

Ya yi aski, ya goge rigarsa har tana ɗaukar ido. A cinyarsa akwai ƙunshi cikin zanen ɗaure kaya: turararren ƙwan nan, wanda Kuni ya fi so, a kofinsa na gida, an sa shi cikin kwanon da ke riƙe zafi an naɗe da tawul. Jirgi biyu muka canza da bas ɗaya, bai ajiye ƙunshin a kujera ba. Kowane ɗan lokaci sai ya sa tafin hannu ya ji ko da sauran ɗumi.

Gidan tsoho ne na katako a gindin dutse. Kazuyo ta tarbe mu a ƙofa, tsohuwar tana zaune a ɗakin baƙi, ƙarama, a dunƙule cikin bargo, idonta tar. Ta dube ni ta dubi Teru ta ce, "Matarka ce?"

"Eh, Inna, matarsa ce," in ji Kazuyo kafin ɗayanmu ya motsa.

"Madalla. Ka yi dace. Nawa ɗan ya ƙi aure, ga shi yanzu ba mai riƙe masa cokali sai yayarsa." Ta girgiza kai. "Ku kuka ba shi ɗaki a birni ko? An gode."

Teru ya durƙusa ya tura ƙunshin gaba da hannu biyu, kamar yadda baƙo yake miƙa tsaraba. Nan ya yi kuskure na biyu bayan na asibiti, don a gida irin wannan tsarabar baƙo ba a buɗe ta a gabansa, kuma kakanni ake fara kai wa. Tsohuwar ta nuna da haɓa, Kazuyo ta ɗauki ƙunshin ta ajiye gaban akwatin bautar kakanni, ƙarƙashin hoton mahaifinsu, ta kaɗa 'yar ƙararrawa ta haɗa hannu. Teru yana kallo kawai.

Ni ban iya daurewa ba. Na ce, "Abincin Kuni ne fa. Zai huce."

Kazuyo ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Ba zan iya saukewa gaban Inna ba, sai yamma. Na riga na dafa masa na rana. Irin na bidiyon shekaranjiya."

Muka sha shayi, muka yi zancen sanyi da farashin shinkafa, har tsohuwar ta fara gyangyaɗi. Sannan Kazuyo ta kai mu ɗakin ciki.

Da ba a gaya mini ba da ban gane shi ba. Tumbin ya tafi, wuya ya zama siriri, yana zaune a keken marasa lafiya da tawul a ƙirji, hannun dama a kwance a cinya. Teru ya durƙusa a gabansa yadda fuskarsu za ta daidaita.

"Kuni," ya ce. "Ni ne. Na zo."

Idon Kuni ya bi ta kansa ya wuce zuwa taga, ya dawo, ya sake wucewa. Ba tsoro a ciki, ba fushi. Yadda ya kalle ni haka ya kalli Teru.

"Fursuna," in ji Teru. "Ka rame. Wa ya rage maka gishiri a nan?"

Babu abin da ya motsa a fuskar. Kazuyo ta kawo kwanon awara da ta niƙa, ta jingina wayar a jikin butar shayi a kan tebur, ta danna. Ƙarar wuƙa a kan katako ta cika ɗakin. Nan take Kuni ya juya. Gefen fuskarsa mai rai ya saki, idonsa ya tsaya cak a kan hannuwan da ke yanka albasa, wani ɗan sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin wanda yake yi da in ya shigo gida ya ji ƙamshi. Ya buɗe baki.

"Ba shi cokalin," na ce da Kazuyo. Ta leƙa ƙofa ta ga tsohuwar tana barci, ta ja ƙofar ta rufe, ta miƙa wa Teru kwanon. Wannan kam na yaba mata.

Teru ya ɗebo, ya hura, ya kai. Amma ta gaba ya zo, sai hannunsa ya tare wayar. Kuni ya yi gurnani, ya ɗaga hannunsa na hagu ya bige cokalin, awara ta zube a tawul. Teru ya ce, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ni ne, Teru ne," sai gurnanin ya ƙaru, don muryar ta danne ƙarar wuƙar. Teru ya ajiye kwanon. Ya ɗaga hannuwansa biyu gaban fuskar Kuni, ya juya su ciki da baya.

"Duba," ya ce. "Su ne fa. Ga su nan. Duba da kyau."

Kuni ya karkata wuya ya leƙa ta gefensu don ya ga wayar.

Ban san tsawon lokacin da Teru ya ɗauka a haka ba, hannuwa a sama. Daga baya ya sauke su, ya ɗauki kwanon, ya zagaya bayan keken inda Kuni ba zai gan shi ba, ya miƙo cokalin ta gefe, ƙasa-ƙasa, bai sake magana ba. Kuni ya karɓa. Ya haɗiye, ya sake buɗe baki, idonsa a kan waya. Haka ya cinye kwanon tas. Da bidiyon ya zo ƙarshe aka ajiye abinci a kan kanta, Kuni ya miƙa hannunsa mai rai ya shafa gilashin wayar da yatsa, a hankali, yana murmushi da rabin baki. Teru yana tsaye a bayansa da kwano a hannu. Na juya na kalli bango, don ba zan iya kallo ba.

Kazuyo ta raka mu ƙofa da lokacin bas ya yi. Teru yana ɗaura takalmi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, in na fara nuna fuskata a bidiyon fa? Kaɗan-kaɗan. In riƙa magana. Ban damu da wanda zai gani ba yanzu, ko duk garin. Wataƙila ya haɗa fuskar da hannun."

 Kazuyo ta ce, "Na gwada masa wasu bidiyon girki masu fuska da magana. Kau da kai yake yi, kuma ranar ba ya sake cin komai. Ko naka, wanda ka yi tari a ciki, sai da na cire shi. In ka canza ya rufe baki, robar nan za su sa masa." Ta durƙusa a dakalin ƙofar ta sa goshinta a ƙasa. "Ka bar shi yadda yake, Irie-san. Likita ya ce zuciyarsa lafiya lau, zai iya shekara goma ko fiye a haka, in dai yana ci."

Teru ya rusuna ya ce ya gode, ba zai canza komai ba.

 A bas da jirgin farko ina ta neman wanda zan zaga: uban da ya watso kaya, dokar ƙasa, ma'aikaciyar jinya, shi kansa Terun. Na rasa wanda zagin zai yi wa amfani. Da muka shiga jirgi na biyu Teru ya ɗora hannuwansa a gwiwa, ya zuba musu ido.

"Kin ga yadda yake kallonsu?" ya ce. "Haka yake kallona a da, in na juya baya ina girki, yana tsammani ban sani ba. Bai manta ba, Tokiko-san. Yana nan yana son mutumin. Ni ne dai na ɓoye shi har ba a iya gano shi."

Na ce ya yi shiru ya huta, gobe ma rana ce.

"Gobe kifi zan yi masa," ya ce. "Kin san abin da ya fi ba ni kunya? Kishinsu nake ji." Ya tura hannuwan cikin aljihun rigarsa, ya juya fuskarsa wajen taga.